Rigimar Gwanjo a Zauren 'Yan Kallo

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Tun da Disamba ta kama ba ni da iko da talabijin ɗin gidana. Ni na sayi dish, ni ke biyan kuɗin wata, ni ke zuba wa janareto mai, amma rimot yana hannun uwargida da 'yan matana biyu. Kuma da abin kirki suke kallo da sauƙi. Kullum labari ɗaya ne. Wata baturiya mai aiki a babban birni ta koma ƙauyensu hutun Kirsimeti, ta tarar da wani mai gasa burodi sanye da jar rigar sanyi, su yi ta harare-harare, dusar ƙanƙara ta zubo, su shirya, ta sallami saurayinta na birni mai kwat da waya a kunne. Shi ke nan. Jiya uku suka kalla a jere, wallahi ban gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. Na tambaya, aka ce wai irin fina-finan da ake yi don talabijin ne kawai, ba sa leƙa silima. To ni na faɗa, duk fim ɗin da aka yi don talabijin gwanjo ne. Na barkwancinsu gwanjo, na kukansu gwanjo, na tarihin mutane ma gwanjo. Wanda ya ji haushi ya zo mu yi.

Maman Iman: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, tsakaninka da Allah, wasan su wa aka hana ka kallo jiya?

Ɗan Manchesta: Anti kin gama magana 😂 Arsenal ce ta buga. Ai taimakonsa suka yi, sun rage masa kuɗin maganin hawan jini.

Baban Khalifa: Ba maganar ƙwallo na kawo ba. A tsaya kan batu.

Malam Habu: Ni kalma ɗaya ce ta tsaya mini a maƙogwaro, ita ce gwanjo. Gwanjo kaya ne da wani ya riga ya sa, ya gaji da shi, aka ɗaure a dila aka kawo mana. Fim ɗin da aka yi don talabijin kuwa sabo ne fil, daren da tasha ta fara haska shi daren ne ido ya fara ganinsa. In akwai gwanjo a harkar nan, fim ɗin silima ne. Sai ya gama zagaya gidajen kallo na Amurka da Turai, ya tara kuɗinsa, ya kwana biyu, sannan a sayar wa tashoshi. Wato waɗancan na harbe-harbe da kake raba dare kana kallo su ne gwanjon, Baban Khalifa. Na uwargida sabon ɗinki ne.

Alhaji Na-Wambai: Ku dakata. Tun ɗazu ina karantawa ina haɗiye magana. Me gwanjo ya yi muku? Shekara 22 ina buɗe dila a Ƙofar Wambai, da ita na yi aure, da ita na sauke farali, da ita yarana ke karatu. Mutum ya rasa abin da zai zagi fim da shi sai sana'ata? Zaɓin farko na dila ya fi sabon da kuke saya a kanti ƙwari nesa ba kusa ba. Rigar sanyin da ke jikin rabin mutanen zauren nan daga rumfata ta fito, in an matsa in kira suna.

Baban Khalifa: Alhaji yi haƙuri, ba da kai nake ba. Karin magana ce.

Alhaji Na-Wambai: Wace karin magana? A wane littafi?

Kawu Iro: Ku yaran nan ba ku ma san kalmar ba. Mu da muka taso, in an ce gwanjo ana nufin a fito da kaya fili, mai ƙararrawa yana kaɗawa, kowa na tayawa, wanda ya fi tsoka ya ɗauka. Har gobe in gwamnati za ta rabu da tsofaffin motocinta ai cewa ake an yi gwanjonsu. Na tufafin nan daga baya ya samu sunan.

Malam Habu: Kawu ranka ya daɗe, ko da wannan ma'anar aka bi maganarsa ba ta tsaya ba. Ba a taya fim ɗin talabijin a fili. Tasha ce ke ba da kwangila, ta ce ga kuɗi, ga daren da za mu nuna, a kawo mana kafin lokacin.

Ɗan Damagaram: Mu nan bosho muke cewa. Kanawa dai komai sai sun mai da shi kasuwa, ana maganar fim sun kai mu rumfa.

Alhaji Na-Wambai: Ɗan Damagaram, da ba don rumfar ba da me za ku rufe jiki in hunturu ya sauko muku daga hamada? Yi shiru, bawana.

Maman Iman: To an bar fim an koma dila.

Malam Habu: Bari in dawo da mu. Baban Khalifa ya ce duk. Wannan duk ɗin nake so ya janye. A 1971 tashar ABC ta Amurka tana da wani fili na fim ɗin mako, ta ba wani yaro ɗan shekara 24 aiki. Labarin bai taka kara ya karya ba: wani ɗan kasuwa yana tuƙa jar motarsa a hanyar daji, ya wuce wata tsohuwar tankar mai, direban tankar ya ɗauki abin da zafi ya bi shi zai kashe shi. Har fim ya ƙare ba a nuna fuskar direban ba, sai hannu ta taga da takalmi. Cikin kwana 13 aka ɗauke shi. Sunan fim ɗin Duel, yaron kuma Steven Spielberg. Da aka ga yadda ya karɓu sai aka ƙara masa tsawo daga minti 74 zuwa 90 aka kai shi silimun Turai. Bayan shekara 4 yaron nan ya yi shahararren fim ɗin silima Jaws. To wannan a wane layin dila za ka sa shi?

Baban Khalifa: Malam, 1971 ko auren iyayena ba a yi ba. Ka je ka tono fim guda ɗaya daga kabari. Ni abin da ke cikin falona yau nake magana.

Ɗan Manchesta: Kamar kofin Zakarun Turai na Arsenal, shi ko a kabarin ma babu.

Baban Khalifa: Shugaba, ka ja wa yaron nan kunne.

Direba Sale: Ni abin da ya dame ni, me ya sa kullum direban babbar mota ne mugu? A fim mu, a rediyo mu. Wa ya san abin da mai jar motar ya yi masa kafin nan? Ƙananan motocin nan su sha gabanka su taka birki, kai kana ɗauke da lita dubu 33.

Malam Habu: Sale, wucewa kawai ya yi.

Direba Sale: Haka suke cewa dukkansu.

Ɗan Lokeshan: Kwana 13 ne abin mamaki? Mu a nan na sha riƙe fitila a fim ɗin da aka gama cikin sati guda, da janareto ɗaya da shinkafa da wake. Amma in mu muka yi sai a ce mun yi gaggawa, ba inganci. Bature ya yi, an ce basira. Kuma Malam Habu, a ma'aunin da ka kawo, kana nufin fina-finanmu da ake sakawa a Africa Magic Hausa da Arewa24 bayan sun gama kasuwa su ma gwanjo ne ke nan? Fito fili ka faɗa.

Malam Habu: Ban ambaci Kannywood ba. Amma tunda ka tambaya, fim ɗin Hausa tun daga Turmin Danya a 1990 don kaset aka yi shi, daga baya faifai. Ba na silima ba ne, ba na talabijin ba ne, na kasuwa ne. In ya gama kasuwa aka kai tasha, to lissafa da kanka.

Ɗan Lokeshan: Na gode. Zazzagawa da ma ba ku taɓa son abin Kano ba.

Malam Habu: Mu da muka koya muku karatu.

Anti Rifkatu: Ni bari in sa baki tunda an taɓo Kirsimeti. Baban Khalifa yana da 'yar gaskiya, amma ba inda yake zato ba. Ni da nake yin bikin, ban ga Kirsimetina a fina-finan nan ba. Babu coci, babu sujadar dare, babu zumuntar mata da kayansu iri ɗaya, babu tela da ya kashe waya ran 24 ga wata. A Jos mu Kirsimeti shinkafa ce da kaza da cincin, a cika kuloli a aika yara gidan maƙwabta, su ma ran Sallah su aiko mana. Waɗannan kuwa bishiya ce da fitilu da ruwan koko a kofi. Kuma ba abin mamaki ba ne. Tashar da ta fi suna da irinsu a Amurka ita ce Hallmark, kuma asalin Hallmark kamfanin buga katin gaisuwa ne. Tun 2009 suke ware ƙarshen shekara don wannan, har ta kai suna fitar da sababbi kusan 40 a shekara guda. Katin gaisuwa ne mai motsi. Wa ya taɓa buɗe kati yana neman labarin da zai ba shi mamaki?

Maman Iman: Yauwa Anti. Kuma mu mun san labari ɗaya ne, ba sai an faɗa mana ba. Don haka ma muke kallo. Ina iya tashi in duba miya, in yi wa Iman wanka, in dawo, ban rasa komai ba. Ba jini, ba tsiraici, ba sai na yi wuf na canza tasha in yaro ya shigo ba. Mace ta wuni a tsaye, da dare tana son abin da ta san ƙarshensa lafiya ne. Ku kuma shekara nawa kuna kallon mutum 22 suna bin ƙwallo ɗaya? Wannan labarin yana canzawa ne?

Baban Khalifa: Ƙwallo ba a san ƙarshenta ba.

Ɗan Manchesta: Taku an sani.

Ɗan Lokeshan: Anti Rifkatu, in ƙara miki. Yawancinsu a Kanada ake ɗauka, wajen Vancouver, da yawa kuma da rani, cikin kamar sati 3. Ƙanƙarar nan ta bogi ce, kumfa ce da farin bargo da ƙanƙarar inji. Jaruma na cikin ƙatuwar rigar sanyi tana murmushi, gumi na bin bayanta. Ni wannan ya sa nake girmama su, na san zafin fitila. Kuma fim ɗin ba ya wuce minti 80 da 'yan kai, ragowar awa biyun talla ce. Marubuci tun a takarda yake yanka labarin gida-gida, kowane gida ya ƙare da ɗan abin da zai hana ka tashi in talla ta shigo. Shi ya sa Baban Khalifa yake jin kamar ɗinkin tela ɗaya ne. Awo ɗaya ne.

Alhaji Na-Wambai: Rigunan sanyin nan da suke sawa, in sun gama ina suke kai su?

Ustaz Ɗanlami: Ni tambayata ga Baban Khalifa ce. Kai ne mai gida. Me ya sa tun farko

*(An goge wannan saƙon)*

Shugaba Lawi: Ustaz, dokar zaure ta 2. Ba wa'azi, ba taɓa addinin kowa. Na goge.

Ustaz Ɗanlami: Ban ma ƙarasa ba. Kuɗin mai zan tambaya.

Shugaba Lawi: Na san inda za ka.

Nas Binta: Na shigo a makare, yanzu na sauka daga aiki. Wanda ya ce na tarihin mutane gwanjo ne bai kalli Gifted Hands ba. Tashar TNT ce ta yi shi a 2009, Cuba Gooding Jr. ya fito a matsayin Dakta Ben Carson. Yaro baƙar fata a Detroit, ana kiransa daƙiƙin aji, uwarsa ba ta iya karatu sosai ba amma ta rage musu kallon talabijin, shi da wansa, ta ce kowane mako sai sun karanta littafi 2 sun rubuto mata abin da suka fahimta. Tana karɓa tana yin kamar tana dubawa. Ya zo ya zama likitan ƙwaƙwalwa a asibitin Johns Hopkins, a 1987 ya jagoranci aikin awa 22 na raba tagwayen da aka haifa kansu a manne. Muna makarantar koyon jinya aka kunna mana a kwamfutar wata, mu wajen 15 a kan katifa biyu. Da aka zo wurin da uwar take karɓar takardar nan, wata 'yar ɗakinmu ta fashe da kuka, ta ce haka tata uwar take yi da katin sakamakonta, ta juya shi sama a ƙasa tana cewa madalla. Rabinmu da fim ɗin nan muka daure muka gama. Ku kira shi abin da kuka ga dama.

Baban Khalifa: Ka ji, uwar ma rage musu talabijin ta yi. Hujjata ce wannan.

Barista Ƙarami: Nas, da girmamawa, fim ɗin ya tsaya inda ya yi masa daɗi. An nuna an fito daga ɗakin tiyata ana murna. Ba a nuna cewa yaran nan biyu, 'yan Jamus, sun rayu da naƙasa mai tsanani ba, ba su taɓa yin rayuwa irin ta sauran yara ba. Daga littafin da mutumin ya rubuta a kan kansa aka ɗauko labarin, to me kike jira? Matsalar fim ɗin tarihi ke nan. In da hannun mai labarin, a wanke shi tas. In babu hannunsa, a yi abin da tashar Lifetime ta yi wa mawaƙiya Aaliyah a 2014, danginta ba su yarda ba, ba a samu izinin sa ainihin waƙoƙinta ba, aka yi fim ɗin haka nan, masoyanta suka yi ca.

Nas Binta: Barista, ka taɓa tsayuwar awa 2 a ɗakin tiyata, balle 22? Aikin da ake tsoron a rasa duka biyun, aka fito da su da rai. Ku lauyoyi ai sai dai a ɗage zama.

Barista Ƙarami: Ban raina aikin ba. Fim ɗin na ce bai faɗi duka ba. Kuma gwarzon naki ai daga baya ya nemi takarar shugaban ƙasa, ya janye, ya zama ministan gidaje na Trump daga 2017 zuwa 2021.

Nas Binta: To sai me? Hannunsa na ce yana da baiwa, ban ce ƙuri'arsa ba.

Ɗan Damagaram: An iso Trump. Saura Faransa, ku kira ni.

Malam Habu: Tunda an zo shugabannin Amurka, ga wanda zai rufe bakin Baban Khalifa. Ran 20 ga Nuwamba 1983 ABC ta nuna The Day After, labarin abin da zai faru da mutanen wani gari a jihar Kansas in Amurka da Tarayyar Sobiyat suka yi musayar makaman nukiliya. Sama da mutum miliyan 100 suka kalla a dare ɗaya. Daga inda bama-baman suka sauka har ƙarshe ba a sa talla ko ɗaya ba. Shugaba Ronald Reagan ya kalla tun kafin a nuna wa jama'a, ya rubuta a littafin ajiyar sirrinsa cewa fim ɗin ya bar shi cikin baƙin ciki ƙwarai. A 1987 ya sa hannu da Gorbachev, jagoran Sobiyat, kan yarjejeniyar kawar da makamai masu matsakaicin zango. Wane fim ɗin silima ne ya taɓa tara mutane haka a dare guda?

Maman Iman: Kun ji ko. Fim ɗin talabijin ne ya hana yaƙin duniya na uku.

Barista Ƙarami: Anti a'a, kar a kai mu nan. Shekara 4 ce tsakani, kuma Gorbachev sai 1985 ya hau. Tattalin arzikin Sobiyat na tangal-tangal, Turawa na zanga-zanga a tituna kan makaman da aka girke musu. Fim bai sa hannu a takarda ba.

Malam Habu: Ni ban ce shi ya sa ba. Jerawa na yi.

Barista Ƙarami: Ka jera ne don a ɗauka haka.

Kawu Iro: Ni duk wannan sunaye ban san su ba. Na san dai na Idi Amin da harin filin jirgin Entebbe.

Malam Habu: Shi ma na talabijin ne, Kawu, har guda biyu. Abin ya faru a Yulin 1976. A Disamba ABC ta fitar da nata, a Janairun 1977 NBC ta fitar da nata, wanda Yaphet Kotto ya fito a Amin, da Charles Bronson a ciki. Tsere suka yi. Abin da talabijin ta fi silima ke nan, tana dafawa tun wuta ba ta mutu ba.

Barista Ƙarami: Shi ya sa yake fitowa da gari a tsakiya. Ka ga ɗan Yuganda ɗaya da aka ba bakin magana na kirki a ciki? In misali kake nema na gaske, ka ce Sometimes in April na tashar HBO, 2005, kan kisan ƙare dangi na Ruwanda, Idris Elba a ciki. A Ruwandar aka ɗauke shi. Hotel Rwanda da ya je silima ya yi suna, yawancinsa a Afirka ta Kudu aka yi.

Malam Habu: To ai ka dawo ɓangarena.

Barista Ƙarami: Ba ni da ɓangare. Kai ne ba ka iya zaɓen shaida ba.

Ɗan Manchesta: Na barkwanci fa? Ba wanda ya ce komai. Mr. Bean ya isa hujja.

Malam Habu: Mr. Bean shiri ne, kashi 15 kacal, ba fim ba. Fina-finansa biyu kuma na silima ne, 1997 da 2007. A barkwanci kam zan ba Baban Khalifa rabin gaskiya. Home Alone na 1990 na silima ne, kowa ya yi dariya. Na 4 da aka yi wa ABC a 2002, an canza yaron, an canza iyayen, sai suna kawai. Wannan ko ni ba zan tsaya masa ba.

Baban Khalifa: Alhamdu lillahi. A rubuta, Malam Habu ya sallama.

Malam Habu: Rabi na ce. Kuma ko shi ba gwanjo ba ne, jabu ne.

Alhaji Na-Wambai: Yauwa. Jabu daban, gwanjo daban. Gwanjo asali ne da ya sha wanki.

Kawu Iro: Ku kuna ta Amurka. Mu da za a tambaye mu abin da aka yi don talabijin, Samanja za mu ce. NTA Kaduna, akwatin baƙi da fari guda ɗaya a unguwa, mai gidan ya fito da shi ƙofar gida ya ɗora a kan tebur, yara a ƙasa, manya a benci, mata na leƙe ta zaure. In Samanja ya murɗa gashin baki ya daka tsawa da Hausarsa ta bariki, har wanda ke bayan layi sai ya gyara zama. Ga Ƙasimu Yero, ga Karkuzu daga Jos. Ba kaset, ba maimaici, in ka makara ka rasa sai dai a ba ka labari a makaranta. Allah ya jiƙan Usman Baba Pategi, duk da dai Banufe ne, bawanmu ne mu Katsinawa. Wa zai kalli idona ya ce wannan gwanjo ne?

Maman Iman: Amin Kawu.

Malam Habu: Amin. Sai dai Kawu, waccan dirama ce ta mako-mako. Fim ɗin talabijin labari ne guda da ake farawa a gama a zama ɗaya. Haka Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, masu dogon zango ne, layinsu daban.

Kawu Iro: Habu, na girmi babanka. Kar ka koya mini abin da na gani da idona.

Ɗan Lokeshan: Ku bar shi Kawu, yau kowa sai ya gyara masa magana. Mutumin da har yau bai biya dubu 2 na gudummawar bikin Sale ba.

Malam Habu: Na tura tun watan jiya. Shugaba ne shaida.

Shugaba Lawi: Ban ga alat ba.

Direba Sale: Ni ma ban gani ba.

Malam Habu: Zan nemo rasit.

Nas Binta: Wanda ya san minti nawa aka ƙara wa fim ɗin 1971 bai san inda rasit ɗinsa yake ba 😂

Anti Rifkatu: Ku yi a hankali dai. Baban Khalifa, shawara kyauta: gidan kallon ƙwallo na bakin layinku bai rufe ba. Ka bar musu Disamba, kwana nawa ne.

Baban Khalifa: In biya dish in kuma biya gidan kallo? A gidana?

Shugaba Lawi: To jama'a dare ya yi, bari in taƙaita yadda aka saba don waɗanda za su tashi su tarar da saƙo 200. Ɗan'uwanmu Baban Khalifa ya kawo koke mai tushe kan yadda ake danne haƙƙin magidanta a kan rimot, musamman a ranakun da manyan ƙungiyoyi ke wasa. Ya ce fina-finan talabijin ba su da inganci. Anti Rifkatu, wadda ta fi kowa sanin Kirsimeti a nan, ta tabbatar cewa katin gaisuwa ne kawai. Ɗan Lokeshan ya tabbatar ƙanƙarar ma ta ƙarya ce. Barista ya tabbatar na tarihin ba sa faɗin gaskiya. Malam Habu ya yi ta kawo tsofaffin fina-finai da ba wanda ya gani, daga ƙarshe ya sallama da bakinsa, kuma ana bin sa dubu 2. An amince Samanja ya fi su duka. Kalmar gwanjo an janye ta saboda darajar Alhaji, an maye gurbinta da jabu. Ɗan Manchesta yana da gargaɗi na ƙarshe. An rufe.

Malam Habu: Wannan ba taƙaitawa ba ce, juyin mulki ne. Rabi na ce, kuma a barkwanci kaɗai.

Anti Rifkatu: Ni ban ce ba su da kyau ba fa. Yanzu haka ma ɗaya nake kallo.

Maman Iman: Shugaba, ka manta ka rubuta cewa kai ma ɗan Arsenal ne, kuma tare kuke cin tsire da mai ƙara.

Baban Khalifa: Ni ban janye komai ba.

Shugaba Lawi: Na ce an rufe.

Alhaji Na-Wambai: Kafin a kulle. Gobe da safe zan buɗe sabuwar dila, rigunan sanyi ne zalla, akwai ja akwai kore, har da masu hoton barewa a ƙirji irin na mai gasa burodin nan. Zaɓin farko ƙarfe 8.

Shugaba Lawi: Alhaji, doka ta 4, ba a talla a zaure.

Maman Iman: Alhaji a ajiye mini ja guda biyu. Ɗaya babba, uwargidan Baban Khalifa ce ta ce in saya masa.